Farfesa Abdalla Uba Adamu da Ilimin da Ke Zuwa Har Gida

  Ina gaida mutanen Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi. Ina gaida na Tsanyawa da Bichi da Bagwai, da na Minjibir da Dawakin Tofa. Wanda ya dawo daga gona yanzu ya jingine fartanya, sannu da aiki. Uwar gida da ke jin mu daga tsakar gida, sannu da ƙoƙari. Malamai da ɗalibai, ku matso kusa, yau maganar taku ce.

Sharhinmu na yau a kan mutum ɗaya ne, Farfesa Abdalla Uba Adamu. Malami ne a Jami'ar Bayero ta Kano. Ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, daga 2016 zuwa 2021. Shi ne kuma mutumin da ya zauna ya ƙera wa kwamfuta haruffan Hausa masu ƙugiya, a lokacin da masu buga rubutu ke fama da rashinsu.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Idan ka bi aikin wannan bawan Allah, za ka ga abu ɗaya yake nema. A kai wa mutum ilimi inda yake, cikin harshen da yake ji. Zan sake faɗa, domin a kansa za mu yi ta dawowa. A kai wa mutum ilimi inda yake, cikin harshen da yake ji.

To, me ya haɗa mu da shi, mu mutanen karkara? Bari mu fara da ƙasar da muke takawa.

Kowa ya san yadda yankinmu yake. Gona tana manne da gona. Daga wannan ƙauye kana hango rimin wancan. Ba mu da dajin da za a sara a yi sabuwar gona. Ba ma barin fili ya huta. Kowace damina sai an shuka shi, gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki, da tokar murhu, da sharar da ake ɗaukowa daga birni, da ganyen gawo. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin wannan noma namu tun daga shekarun 1960. Ya nuna wa duniya cewa manoman kewayen Kano gwanaye ne wajen raya ƙasa duk da yawan jama'a. Wannan abin alfahari ne, kuma gaskiya ne.

Amma akwai wata gaskiyar a gefensa. Gona ba ta haihuwa, mu kuwa muna haihuwa. Filin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suka raba shi. Kowane rabon gado, kason yana ƙara tsukewa. Shi ya sa da an gama girbi samari ke kama hanyar cin rani. Wasu Kano, wasu Abuja, wasu har Legas. Wasu suna dawowa da damina, wasu sun tafi ke nan. Duk magidancin da ke saurarona ya san ba dukan 'ya'yansa ne gonar gidan za ta riƙe ba. Dole wasunsu su ci abinci da abin da ke cikin kansu. Ga inda labarin Farfesa ya shafe mu.

Yanzu bari in ba ku tarihinsa a gajarce.

An haife shi a unguwar Daneji cikin birnin Kano a 1956. Mahaifinsa shi ne Dakta Muhammadu Uba Adamu, wanda Kanawa suka fi sani da Kantoma. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a fannin koyar da kimiyya, ya gama a 1979. Shekara ɗaya bayan nan ya fara aiki a Jami'ar Bayero, daga matakin ƙasa. Ya je Ingila ya ƙaro karatu a Landan. Ya sake komawa ya yi digirin dakta a Jami'ar Sussex, ya kammala a 1988. Ya zama farfesa a 1997.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai abin da mutanen Dawakin Tofa ya kamata su ji. Da ya je Ingila neman digirin dakta, bai ɗauki matsalar Turawa ya yi bincike a kanta ba. Makarantun kimiyya na Jihar Kano ya ɗauka. Kun san su. A 1977 gwamnatin Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Sai ta ware makarantu biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Aka riƙa zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa. Aka ba su malamai da ɗakunan gwaji. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Shekara goma na farkon wannan shiri, su ne Abdalla ya bi diddigi ya rubuta a kansu.

Kuma mun ga abin da makarantun nan suka haifar. Ka shiga manyan asibitocin Kano da Jigawa ka tambayi likitoci inda suka yi sakandare. Da yawa za su ce maka Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu. Cikinsu akwai 'ya'yan manoma. Akwai waɗanda iyayensu ba su taɓa shiga aji ba. Wannan ya isa hujja cewa kan ɗan ƙauye ba shi da wani aibu. Abin da yake rasa shi ne a kawo masa dama kusa. An kawo ta Dawakin Tofa, yara sun kama.

To, mu juya ga maganar kwamfuta, wadda ita ce zuciyar sharhin nan.

Matasan yanzu ba za su gane wahalar da aka sha ba. Tun shekarun 1930 aka daidaita rubutun boko na Hausa da haruffa masu ƙugiya, wato ɓa da ɗa da ƙa. Da su aka saba ganin littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Sai ga kwamfuta ta shigo ofisoshi da shagunan buga takardu. Ta zo da haruffan Turanci kaɗai. Mai son rubuta ƙasa sai ya rubuta kasa. Mai son rubuta baƙi sai ya rubuta baki. Wasu sai sun buga takarda sun gama, sannan su bi ta da biro suna lanƙwasa kan haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ka yi tunanin littafi guda a haka.

Mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake, sai haƙuri. Na'urar Bature ce, ba ta san Hausa ba. Abdalla bai yarda da wannan ba. A tsakiyar shekarun 1990 ya zauna ya zana haruffan da kansa. Ya samar da zubin rubutu, abin da masu buga takardu ke kira font. Ɗaya ana ce masa Rabi'at, ɗaya kuma Abdalla. Dabarar ita ce, ya nemi maɓallan da rubutun Hausa bai cika buƙata ba, ya ɗora musu haruffanmu. Ka danna wannan, ƙa ta fito. Ka danna wancan, ɗa ta fito. Marubuta littattafai suka ɗauka. 'Yan jarida suka ɗauka. Ɗaliban sashen Hausa suka riƙa buga kundayensu da shi.

Dabarar tana da iyakarta, kuma ya kamata a faɗa. Idan ka aika rubutun zuwa kwamfutar da ba a sa mata wannan zubi ba, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Har yau ana cin karo da irin wannan rubutu a tsofaffin takardu. Daga baya tsarin haruffa na duniya da ake kira Unicode ya yaɗu, matsalar ta ragu ƙwarai. Yau wayar hannunka ma tana iya rubuta ƙa da ɗa idan ka saita ta. Amma tsakanin zuwan kwamfuta da zuwan wannan sauƙi akwai shekaru masu yawa. A cikin waɗannan shekaru, aikin Abdalla ne ya riƙe wa marubutan Hausa ƙugiyarsu.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne halin da ke bayan aikin. Manomi idan ya sayi fartanya ya ji ƙotar ba ta zauna masa a hannu ba, ba ya jefar da ita, ba ya kuma haƙura da ita a haka. Wurin maƙeri yake kai ta a gyara masa daidai hannunsa. Haka wannan malami ya yi wa kwamfuta. Kuma ku lura, ba digirin kwamfuta ya yi ba. Malamin koyar da kimiyya ne. Ya ga buƙata, ya koyi abin da ake buƙata, ya yi aikin. Ya sa na'ura ta yi magana da harshen mutanensa.

Daga nan sai maganar ajami, wadda ta shafi kusan kowane gida a yankinmu.

A 2004 ya gabatar da laccar da farfesa ke yi domin bayyana wa jama'a abin da ya sa a gaba. Ya yi ta ne a kan karatu da rubutu a cikin al'ummarmu. Hujjarsa mai sauƙi ce. Muna da ɗimbin mutane da suka yi makarantar allo. Suna karanta ajami, suna rubuta shi. Suna rubuta wasiƙa da shi, suna riƙe lissafin bashi da shi. Amma idan an zo ƙidayar masu ilimi, sai a sa su a layin jahilai, don kawai ba su iya boko ba. Ya ce wannan kuskure ne. Ya kawo shawarar a riƙa zuba ilimin zamani cikin ajami, a kai wa waɗannan mutane ta ƙofar da suka riga suka sani.

Ni dai ina ganin ya yi gaskiya, kuma ina jin takaicin cewa ba a ɗauki shawarar da ƙarfin da ya kamata ba. Ku duba gardawan tsangayunmu. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, wa zai ce ba shi da kai? Da ana buga bayanin taki da maganin ƙwari da rigakafin yara cikin ajami mai kyau, ana rabawa a masallatai da kasuwanni, da saƙo ya isa inda takardar Turanci ba ta taɓa isa ba. Kun ga dai zaren bai tsinke ba. A kai wa mutum ilimi inda yake, cikin harshen da yake ji.

Akwai kuma ɓangaren finafinai da waƙoƙi da littattafan Hausa na zamani. Ya yi bincike mai yawa a kansu, har ya jagoranci babban taro kan finafinan Hausa a Kano a 2003. Wasu sun ga bai dace farfesa ya ɓata lokaci a kan wannan ba. Shi kuwa ya ga abin da miliyoyin mutane ke kallo suna saurare ya cancanci a san me ke cikinsa. A 2012 ya sake zama farfesa karo na biyu, a fannin sadarwa da al'adu. Ba zan daɗe a nan ba, maganar wata rana ce.

Mu je ga shugabancin jami'a.

Buɗaɗɗiyar jami'a tana da tarihi mai faɗi-tashi. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984. Sai a farkon shekarun 2000 Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita. Tsarinta ya bambanta da na sauran jami'o'i. Ba sai ka bar gida ka tare a makaranta ba. Kana aikinka, kana karatunka. Littattafan darasi suna intanet, kana iya saukewa a waya. Aikin gida ta kwamfuta ake yin sa. Akwai cibiyar karatu da kake zuwa domin rajista da jarrabawa da neman bayani.

Da Farfesa Abdalla ya karɓi jami'ar a 2016, lokacin ne hedikwatarta ta tashi daga Legas ta koma Abuja. Ya tarar kamfanonin waje ne ke riƙe da rumbun bayanan ɗalibai. Ya dawo da wannan aiki hannun ma'aikatan jami'ar. A jami'ar da komai nata ke tafiya ta kwamfuta, wannan ba ƙaramin mataki ba ne. Wanda ke riƙe da bayanan ɗalibai, shi ke riƙe da makarantar. A zamaninsa ne kuma, a ƙarshen 2018, aka sa hannu kan gyaran dokar jami'ar domin a daidaita matsayin ɗalibanta da na sauran jami'o'i. A zamaninsa ne tsohon Shugaba Obasanjo, yana da shekara 80, ya karɓi digirin dakta daga jami'ar. Har fursunoni a gidajen yari suna karatu a cikinta kyauta. Ya sauka a 2021 bayan ya cika wa'adinsa na shekara 5.

Yau akwai cibiyoyin karatu na wannan jami'a a ƙananan hukumomin Kano ta Arewa. Ma'ana, malamin firamare a Kunchi zai iya neman digiri bai ajiye alli ba. Matar aure a Bichi za ta iya ci gaba da karatu ba ta bar ɗakinta da 'ya'yanta ba. Saurayi zai iya yin noman damina, ya yi na rani a bakin madatsar Watari ko ta Tomas, kuma yana ɗalibin jami'a. Wannan shi ne ilimin da ke zuwa har gida.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Yana cewa, Malam, wannan ai ɗan birni ne. Ɗan gidan boko ne, ya tashi cikin littattafai. Ina ruwan ɗan talaka na ƙauye da labarinsa?

Maganarka tana da ƙamshin gaskiya, ɗan'uwa, ba zan musa ba. Ya samu abin da yawancin yaranmu ba su samu ba. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya yi da abin da ya samu? Mun ga masu digirin Ingila da suka dawo ba sa son a ji Hausa a bakinsu. Mun ga waɗanda suka samu dama suka rufe ƙofa a bayansu. Shi kuwa ya juyo da nasa ilimin wajen makarantun jiharsa, da haruffan harshensa, da almajiran da aka raina, da ma'aikacin da ba shi da halin barin aiki ya koma aji. Don haka ban kawo labarinsa domin kowane yaro ya zama shi ba. Na kawo shi ne domin ƙofofin da irinsa suka buɗe, mu ne aka buɗe wa. Idan ba mu shiga ba, asarar tamu ce.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Karatu ta kwamfuta yana da nasa nauyi. Yana son wuta, ga shi ƙauyuka da yawa sai an kai waya shagon caji. Yana son kuɗin data. Yana son kuɗin rajista kowane zango. Darussan da Turanci suke, yaron da bai samu tushe mai kyau a firamare ba zai sha wuya. Yana kuma son mutum mai iya tsare kansa, domin babu malamin da zai tsaya a kanka da bulala. Cibiya kuma idan babu wuta, babu na'urori masu aiki, babu ma'aikaci mai haƙurin yi wa baƙo bayani, to gini ne kawai da allon suna.

Ga wani abu da ya fi damuna. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Amma har gobe akwai yaranmu da ranar jarrabawar ce ranar farko da za su zauna gaban kwamfuta. Yaro ya yi karatu, ya san amsa. Sai hannu ya kama rawa, lokaci yana tafiya, yana neman inda zai danna. Ya faɗi, a dawo gida a ce ba shi da ƙoƙari. Wallahi wannan zalunci ne, kuma maganinsa bai fi ƙarfinmu ba. Mako kaɗan na koyo ya isa ya cire wa yaro wannan tsoro.

Saboda haka, ga kirana, kuma da shi zan rufe.

Shugabannin ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautu, ku leƙa cibiyoyin nan da makarantun sakandarenmu. Ku gani da idonku ko akwai wuta. Ku gani ko na'urorin suna aiki ko suna kulle a sito ƙura na cin su. Faranti mai amfani da hasken rana da 'yan kwamfutoci a makaranta guda ba su kai kuɗin wani bikin da ake yi a kwana ɗaya ba.

'Ya'yanmu da suka yi karatu suke aiki a birni, musamman tsofaffin ɗaliban Dawakin Tofa, ku tuna da gida. Kwamfutar da ka daina amfani da ita, kawo ta makarantar garinku. Idan ka zo hutu, ka tara yara 'yan aji shida ka nuna musu yadda ake amsa tambaya a kanta. Idan fanninka kwamfuta ne, ka tambayi kanka me ka ƙera wa mai jin Hausa kaɗai. Manomi yana son sanin farashin kasuwar Dawanau kafin ya ɗaure buhu. Yana son sanin yaushe ruwa zai sauka. Wa zai rubuta masa wannan cikin harshensa in ba kai ba?

Iyaye maza da mata, wayar da ke hannun ɗanku ba ta kallon wasa kaɗai ba ce. Ku tambaye shi me ya koya da ita yau. Kuma don Allah kada a bar 'ya'ya mata a baya. Wadda aka aurar tana da sakamakon sakandare mai kyau, a bar ta ta je cibiyar da ke kusa ta tambayi yadda ake shiga. Maigida, ka raka ta da kanka.

Ku kuma matasa, idan za ku rubuta Hausa a waya, ku saita ta ku sa wa haruffa ƙugiyarsu. An sha wahala kafin a samo muku su.

A kai wa mutum ilimi inda yake, cikin harshen da yake ji. Wasu sun yi nasu ƙoƙarin sun kawo shi kusa. Wanda ke da ɗa ko 'ya da ta gama sakandare tana zaune, wannan makon ya tashi ya je cibiyar karatu mafi kusa ya yi tambaya. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu damina mai amfani.